Godiyar Baba Tanimu da Yaren Fanya

Makera, Kaduna
Talata, farkon damina

Zuwa ga Rakiya jikar Kande,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida aikin asibiti, ina gaida zaman baƙunta. Mu nan da sauƙi. Gwiwata ta hagu ta koma halinta tun da ruwa ya sauka, ido kuma sai da tabarau, amma ci da sallah ban fasa ko ɗaya ba. Da kakarki Kande 'yar kawuna tana raye, ita zan sa ta ja miki kunne. Tunda ba ta nan, ga takarda.

Kin san ban taɓa zama a aji ba. Rubutun nan a masaƙa na tsince shi, a gaban allon sanarwa, lokacin har na fara furfura. Saboda haka ki karanta a hankali. Caroline matar Cyril maƙwabcina za ta ɗauki hoton takardar ta turo miki. Kada ki bugo ki amsa min da baki. Maganar waya ba ta zama. Ki rubuto.

Zakariyya'u ya tafi, an binne min shi a Sifaniya, ƙasar da ban taɓa takawa ba. Ban yi wa Allah gardama ba. Ke kaɗai ce jininmu da ta tsaya a kansa, Allah ya saka miki. A nan mun yi zaman makoki, layinmu ya cika har bakin kwata. Tsofaffin masaƙa da suka rage sun zo, na Romi da na Kamazou, har Sunday direba ya taso daga Rido da sandarsa. Da aka watse na bi su gida gida na yi musu ban gajiya da ƙafata, yadda nake yi tun kafin a haifi uwarki. Ba suna, ba biki, ba mutuwa da aka yi a gidan nan da zan kasa gaya miki wa ya zo da inda ya zauna.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Bello yayansa ya nuna min a waya wai kin rubuta wa mutanen can godiya da yarensu, kin sa sunana a ƙasa. Layi biyu da hoton fure. Rakiya, wa ya aike ki? Mutum ya bar aikinsa, ya ɗauki ɗana a kafaɗarsa, ya tsaya a rana har aka rufe, sai a sallame shi da fure? Ban yi wannan godiyar ba. Ki cire sunana.

Ni zan yi, da bakina, da yarensu. Bello ya ce za ku sake taruwa ranar addu'ar arba'in. A ranar za a kunna muryata. Cyril ya yi ƙuruciyarsa a tsibirin Fanya, can cikin teku, tare da ubansa, a gonar koko, kafin jirgin ruwa ya kwaso su, kuma ya ce yaren can da na inda kike ɗaya ne. Shi zai koya min.

Ki rubuto min wa ya yi wanka, wa ya ɗauka, wa ya shiga kabari, wa ya zo daga nesa. A gidan wa aka zauna, wa ya ɗora tukunya, wa mutane suke miƙa wa hannu in sun shigo. Kada ki tsallake kowa don kina tsoron fuskata.

Kakanki,
Tanimu

*

Valencia, Lahadi

Baba,

Wa alaikumus salam. Ina fata gwiwa ta yi sauƙi. Ni lafiya, sai gajiyar aiki. Allah ya jiƙan Kawu Zakari, ya ba mu haƙuri.

Na cire sunanka. Ka yi haƙuri, na ɗauka ina rage maka wahala ne.

Ga mutanen. Mamadu, ɗan Senegal, abokin aikinsa a ɗakin tattara lemo, shi ya yi wanka tare da limaminmu, Malam Idris ɗan Maroko. Su biyun suka shiga kabari. Waɗanda suka ɗauka da yawa, amma Ramón mai gidan burodi na ƙasan benensu bai saki ba tun daga mota. Tsoho ne kamarka, ba Musulmi ba ne, ya rufe shagonsa yini guda. Pilar maƙwabciyarsu ita ta riƙe 'yarsa. Sam da Caleb, 'yan Kudancin Kaduna, sun taso daga wani gari mai nisa, kwana suka yi a mota.

Ka ce kada in tsallake kowa, to ga ta. Esther, matarsa, 'yar ƙasar nan. Na san tun da ya aure ta bai aiko kowa gare ka ba, ka ce kada a ambace ta a gabanka. Amma kai ka tambaya. A gidanta aka zauna. Ita ta ɗora tukunya, har tuwo ta tuƙa da garin semo yadda ya koya mata, bai yi kyau ba amma an cinye. Ita mutane suke miƙa wa hannu. Danginta sun so a ajiye shi a maƙabartarsu ta gari, ta ce a'a, mijinta Musulmi ne, cikin Musulmi zai kwanta. Ita ta bi ofis ofis da takardu, ita ta nemo liman. 'Yarsu Safiya, mai sunan marigayiya Inna, ta fara makaranta, kuma goshinka gare ta.

Baba, in za ka yi godiya, ka fara da Esther. Kalma ɗaya daga bakinka za ta fi mata duk abin da muka faɗa.

Ga abin da za ka ce. Gracias por venir, wato na gode da kuka zo. Gracias por acompañar a mi hijo, na gode da kuka raka ɗana. Que Dios se lo pague, Allah ya biya ku. In ya yi maka nauyi ka faɗa da Hausa kawai, ni zan fassara. Ba wanda zai ga laifinka.

Jikarka,
Rakiya

*

Makera, Asabar

Rakiya,

Sallama da gaisuwa. Takardarki ta zo, Caroline ta kai an fitar min da ita a kan farar takarda don in riƙe a hannu. Gwiwa tana nan, ni ma ina nan. Ruwa ya cinye mana katangar bayan gida, an gyara.

Ba za ki fassara ni ba. In na ba ki maganata ki juya, godiyarki ce za su ji, ba tawa ba. Su ji muryar uban yaron tana faɗuwa tana tashi a cikin yarensu, su san ya wahala kamar yadda suka wahala.

Kullum bayan la'asar ina garejin Cyril a Kakuri, a kan bencin da ke ƙarƙashin dalbejiya. Mutumin nan bai iya koyarwa ba, faɗa kawai ya iya. Na ce girasiyas, ya ce, "Tanimu, wa ya ce ka sa mata ƙafa? Gracias! A haɗe!" Na ce a haɗe nake faɗa. Ya ce, "Bakinka ya yi tsatsa kamar notin tsohuwar tifa, sai an zuba masa baƙin mai." Na ce shi da ya shekara hamsin a Kaduna har yau ƙosai yake kira kosai, ya rufe min baki. Caroline ta fito ta ce in ba mu daina ba za ta ƙwace bencin. Rannan yana cikin gyara min kalmar da suke kiran ɗa da ita, sai ya juya baya yana goge sifana da ba ta da datti. Shi ya koya wa Zakariyya'u tuƙa keke a layin nan. Na ƙyale shi har ya gama.

Bello ya zo ya same ni ina maimaitawa a zaure. Ya ce, "Baba, don Allah ka bari. Turawan nan dariya za su yi, a ɗauka a waya a yaɗa, mu ji kunya." Na ce su yi dariyar. Wanda ya ɗauki gawar ɗana ya sami izinin yi min dariya har ya mutu. Ya ce ai ba wajibi ba ne a addini. Na ce ban ce wajibi ba ne, na ce zan yi. Ya ɗauki makullin mashin ɗinsa ya fita.

Mun ɗauki muryar a waya jiya, ga ta nan tare da takardar. Na kira kowa da sunansa da abin da ya yi. Ramón na ja masa tsawo, don tsoho ya san abin da kafaɗa take ji washegari. Sam da Caleb na ƙara musu da Hausa, ki ce su gaya min garinsu, ba mamaki na san iyayensu.

Maganar Esther. Na karanta abin da kika rubuta a kanta har takardar ta yi laushi. Sunanta ba zai shiga godiyar nan ba. Ke da kika tashi a hannun Kande ya kamata ki san dalili ba sai na faɗa ba. Kada ki ƙara min komai, kada ki rage.

Tanimu

*

Valencia, Litinin

Baba,

Ina gaishe ka. Ban san ko lafiya ba, don sau biyu na rubuto ina roƙonka ka sake ɗaukar muryar, shiru. Na bugi wayar Anti Caroline ba ta shiga. Ban san ko fushi ne ba, ko ka ga takardun ka ajiye.

An yi addu'ar jiya a ɗakin taro na masallaci. Na yi niyyar in ce muryar ba ta iso ba. Amma Esther ta riga ta ji labari a bakin Mamadu cewa uban Zakari ya koyi yarensu don ya yi magana. Ta yi wa Safiya kitso, ta sa mata atamfar da ubanta ya saya mata. Ta ce da ita, "Yau za ki ji kakanki." Ta yaya zan ɓoye?

Na kunna. Ba wanda ya yi dariya, in abin da Kawu Bello yake tsoro ke nan. Da ka kira Ramón, ya cire hularsa ya miƙe tsaye, ya tsaya har ka gama. Pilar ta yi kuka. Mamadu yana ta amin. Kowa ka kira sai a juya a dube shi. Esther tana zaune a gaba, Safiya a cinyarta, tana jira. Ka kira liman, ka kira Sam, ka kira Caleb, ka ce Allah ya biya ku, murya ta tsaya.

Na yi sauri na ce, "Da Esther, ya ce da Esther." Ta dube ni ta ce, "Ina da kunne, Rakiya." Ta ɗauki 'yarta ta fita. Ba ta ɗaga wayata tun jiya.

Ka ce na san dalili. Na sani. Ba ka yafe ba. Kawu Zakari ya yi aure bai gaya maka ba, shi ya tafi, sai ka sauke a kan wadda ta rage. A gaban mutanen garinta ka gode wa mai burodi, ka tsallake matar da ta rufe masa ido. Ban taɓa ɗaga maka murya ba, Baba, amma wannan ba daidai ba ne. Kuma ni na danna wayar da hannuna.

Danginta dama suna ce mata ta manta da mu, ta raini yarinyar a nasu tsarin. Jiya ka ba su hujja. In ba ka da abin cewa, kada ka sake aiko ni wurinta.

Rakiya

*

Makera, Alhamis

Rakiya,

Lafiyata ƙalau. Caroline ce ta tafi garinsu bikin ƙanwarta da wayar a jaka, sai shekaranjiya ta dawo, takardunki uku suka zo min a tare. Na karanta ta ƙarshen a tsaye.

Ashe Kande ba ta koya miki komai ba, ko kuwa sanyin can ya daskarar da shi. Zauna ki ji.

Da na bi gida gida a nan, kin ji an ce na shiga ɗakin Bello na ce masa na gode da ka zo makokin ƙanenka? Ranar da Safiya matata ta rasu, wa ya zo ya ce min Tanimu mun gode da ka halarta? Da wani ya faɗa min haka da na mare shi. Baƙo ake yi wa godiyar zuwa. Wanda ka ce wa na gode da ka zo, ka gaya masa ke nan cewa daga waje ya zo, kuma in an watse zai koma. Na tambaye ki a gidan wa aka zauna, kika ce nata. Wa ya ɗora tukunya, kika ce ita. Wa ake miƙa wa hannu, kika ce ita. To me ya rage? Ita ce mai makokin. In na jera ta da mai burodi na kore ta daga gidan nan a gaban jama'a, da yarenta kuma, yadda ba za ta kasa ganewa ba. Shi kike so in yi?

Ba zan gode mata ba. Ko yau, ko gobe. Ki gaya mata haka, kuma ki gaya mata dalili yadda na faɗa, kada ki sa masa sukari.

Batun aure kuwa, ban janye ba. Yaro ya yi aure bai turo ko goro ɗaya gidan ubansa ba, bai kyauta ba, kuma da yana nan da na sake gaya masa. Wannan tsakanina da shi ne, zan same shi a can. Ita ba ta cikin wannan.

Abu biyu. Na ɗaya, godiya ba ta cika a taro. Sai an bi mutane har ƙofarsu an yi musu ban gajiya. Ƙafata ba ta kai can. Ba ke za ki je ba, ke jika ce, kuma ta nesa. Surukar gidan ce za ta je, da sunana da sunanta, ta riƙe hannun Safiya. Ta fara da Ramón.

Na biyu, abin da ake yi wa mai makoki gaisuwa ce, kuma tawa ta makara. Na koma wurin Cyril. Ya ce, "Kai da ka ce ka gama da yarena?" Na ce ya ba ni kalmar haƙuri. Ya ce paciencia, ya ce ita ce kalmar da aka fi gaya musu a gonar koko, shi ya sa bai manta ba. Mun ɗauka. Gajeruwa ce. Na ce, hija mía, lo siento mucho, paciencia. Cyril ya ce ma'anarta 'yata, abin ya taɓa ni ƙwarai, ki yi haƙuri. In ya yi min ƙarya ki gaya min in je in same shi.

Kin ce kada in sake aikenki. Na aike ki. Ki je har gida, kada ki tura ta waya. In ta ƙi buɗe ƙofa ki koma gobe.

Kakanki,
Tanimu

*

Valencia, Laraba

Baba,

Gaisuwa da neman afuwa. Na karanta, na ji kunya, amma kai ma da ka ƙara layi ɗaya a waccan takardar da duk ba a yi haka ba.

Sai zuwa na uku ta buɗe. Na fassara mata takardarka kaf, ban sa sukari ba. Na kunna muryar. Ta ji, ta ce in sake. Safiya ta tambaya wane ne, ta ce, "Kakanki ne, mai taurin kai kamar babanki."

Ta yi ban gajiyar ranar Asabar. Ba ta yarda na raka ta ba. Ramón bai gane me ya kawo ta ba, tunda kullum tana sayen burodi a wurinsa, sai da ta ce surukinta ne ya aiko ta. Ya fito daga bayan kanta ya rungume su.

Ta ba ni saƙo, ta ce in faɗa yadda ta faɗa. Ta je ne don Zakari zai so haka, ba don ka ba da umarni ba. Shekarun da ka yi ba ka tambayi ko sunan yarinyar ba, murya ɗaya ba ta goge su. Kuma a ƙasarta, in ana son mutum a gida, faɗa masa ake yi, ba a bar shi ya gane daga shiru ba.

Sannan ta karɓi wayata ta yi maka magana da Hausa. Kalma uku ce, ta ji Sam da Caleb suna faɗa mata ranar jana'iza. Ga ta nan, ka sa Anti Caroline ta kunna maka.

Rakiya

*

Makera, Juma'a

Rakiya,

Lafiya lau. Na ji. "Baba, ya haƙuri?" Ta fi Cyril iya Hausa, na gaya masa a gaban matarsa.

Ki ce mata haƙuri ya zama dole, muna yi. Ki ce ban roƙi a goge komai ba, ta riƙe fushinta, nata ne, ta kawo shi nan mu zauna a kai. Tunda a ƙasarsu sai an faɗa, to ga shi a faɗe.

Jiya Bello ya zo da mota cike da katan na kayan shagonsa, wai zai zuba a ɗakin Zakariyya'u tunda ba kowa. Na tsaya a bakin ƙofar da sandata. Ya ce, "Baba, ɗakin wa kake tsarewa?" Na ce na Esther da 'yarta. Ya ce matar da ba ta taɓa ganin Kaduna ba? Na ce ko ba ta zo ba har in mutu, ɗakin da mai shi. Ya mayar da katan ɗinsa mota.

Makullin yana rataye a ƙusa bayan ƙofar zaure. Ki gaya mata inda yake, don ranar da ta zo ba wanda zai miƙa mata. Da kanta za ta ɗauka.

Tanimu